Zagayen Sansanin Elmina da Ɗan Jagora: Abin da Tikiti Ke Biya da Abin da Sai Ka Nema da Kanka

Sansanin Elmina, wanda ke bakin teku a Yankin Tsakiya na ƙasar Gana, shi ne ginin Turawa mafi daɗewa da har yanzu yake tsaye a Afirka kudu da Sahara. Turawan Fotugal suka aza tubalinsa a 1482, na Holan suka ƙwace shi a 1637, Ingilishi suka karɓa a 1872. Yau yana hannun hukumar kula da gidajen tarihi ta Gana, kuma tun 1979 yake cikin jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO tare da sauran sansanonin gaɓar. Duk wanda ya yanki tikiti ana haɗa shi da ayari da ɗan jagora, a zagaya da su na minti 45 zuwa awa ɗaya.

Kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, wannan babu ja. Gani ya kori ji, kuma babu hoton da zai maye gurbin tsayuwa cikin ɗakunan ƙasan nan. Sai dai zagayen wajen kashi ɗaya cikin uku na labarin gidan yake bayarwa. Yana nuna kurkukun bayi yadda ya kamata, amma yana bi ta kan cinikin da ya haifi kurkukun da gudu. Sauran kashi biyun suna nan a wurin, a kan tudun da ke tsallaken tafki da kuma cikin gari, illa dai babu mai jan ka zuwa can in ba kai ka nema ba.

Isa wurin da yankar tikiti

Daga Akra zuwa Cape Coast kimanin kilomita 150 ne, daga can zuwa Elmina kilomita 12 ko 13. Motocin haya suna lodi a tashar Kaneshi. A lissafi tafiyar awa biyu da rabi ce, amma cunkoson Kasoa kan mai da ita awa uku zuwa huɗu (sunan garin ma kalmar kasuwa ce, tamu ta Hausa). Mai son zuwa ya dawo rana ɗaya ya bar Akra kafin ƙarfe 6 na safe. Wanda ya fi shi dabara ya kwana a Cape Coast ko Elmina, ya wayi gari a bakin ƙofa.

Ana buɗewa ƙarfe 9 na safe a rufe 4:30 na yamma. Tikitin hawa-hawa ne: na ɗan ƙasa daban, na baƙo daban, ɗalibi da yaro suna da rangwame. Ɗalibi ya riƙe katinsa na makaranta, don baki kaɗai ba ya isa. Babbar kyamara da ɗaukar bidiyo suna da nasu kuɗin. Farashin kan sauya, saboda haka a duba allon da ke wurin biya, a karɓi rasit, a kuma riƙe canjin sidi don ɗan abin hasafin da ake ba jagora a ƙarshe. Ba dole ba ne, al'ada ce.

A filin da ke gaban ƙofa akwai samari masu talla. Salonsu ɗaya ne: su tare ka da fara'a, su tambayi sunanka da ƙasarka, kana fitowa ka tarar an rubuta sunan a jikin ƙwaryar katantanwar teku ana miƙo maka "kyauta", sai kuma takardar neman taimakon ƙungiyar ƙwallo ta biyo baya. Maganin abin mai sauƙi ne. Ko dai ka gaisa ka wuce ba ka faɗi suna ba, ko ku yi ciniki tun kafin ka shiga. Jagoran hukuma a ciki yake, bayan wurin tikiti, ba a waje ba.

A fara da tudun

Kuskuren da yawancin maziyarta ke yi shi ne faɗawa cikin sansanin kai tsaye. Gara a fara haye tudun Santiyago, inda ƙaramin sansanin Coenraadsburg yake, tsallaken gadar tafkin Benya. Hawan minti goma ne zuwa sha biyar, da ɗan tsauri, kuma da sanyin safiya ya fi. Daga can sama ne ake gane dalilin da ya sa aka gina gidan a inda yake, da kuma yadda aka yi ya faɗi.

Sansanin yana kan ƙarshen wani siririn tsiri na dutse, teku a gefe biyu, tafki a gefe na uku. Wannan gaɓar ba ta da tashar jirgi ta halitta, igiyar ruwa kuma tana da ƙarfi, shi ya sa manyan jirage suke tsayawa can nesa, masunta su yi jigilar kaya da mutane cikin kwalekwale. Bakin Benya shi ne ɗan wurin da ƙaramin jirgi zai iya fakewa a gyara shi. Ga dutsen gini a ƙafa, ga hanyar fatake daga ƙasar zinariya tana saukowa nan. Ta fuskar teku wurin ba shi da makusa.

Makusarsa a bayansa take, wato tudun da kake tsaye a kai, wanda ya fi katangar tsawo kuma igwa tana kai wa. Turawan Holan sun gwada a 1596 ba su yi nasara ba. Sun dawo a 1625, mayaƙan garin Elmina, waɗanda suke tare da Fotugal a lokacin, suka yi musu kwanton ɓauna suka kashe ɗaruruwa. A watan Agusta na 1637 sai suka zo daga Burazil da jirage 9 da sojoji 800 ƙarƙashin Hans Koin, da taimakon mayaƙan garuruwan maƙwabta, suka ci tudun, suka jawo igwa sama, suka yi ta luguden wuta a tsakar gidan. Masu tsaron ba su kai mutum hamsin ba, cikin 'yan kwanaki suka miƙa wuya. Da yake sun san ta inda suka shiga, sai suka toshe ƙofar: suka yi shinge a tudun, a shekarun 1660 suka mai da shi ginin dutse. Aikinsa gadi kawai, babu rumbun kaya a ciki. Wanda bai hau nan ba zai ji jagora ya ce "Holan ta kori Fotugal", ya wuce bai san ta yaya ba.

Kafin ka sauko ka dubi filin da ke yamma da sansanin, wanda babu gine-gine a kansa. Nan ne tsohon garin Elmina yake, gari mai gidajen dutse da dubban mutane. Ranar 13 ga Yuni 1873 Ingilishi suka yi masa ruwan wuta daga katanga da kuma jirage, suka ƙone shi ƙurmus, ba a sake gina shi a wurin ba.

Zagayen kansa

Ana shiga ta gadar katako a kan gwalalo biyu da aka sassaƙa cikin dutse. Tsakar gida babba ce, a tsakiyarta akwai cocin Fotugal na ƙarshen ƙarni na 16, wanda Turawan Holan suka raba hawa biyu suka mai da shi wurin ciniki da ɗakin cin abincin hafsoshi. Yanzu ɗan ƙaramin baje kolin tarihin garin ne a ciki, kuma nan ake zaunar da mutane su jira ayari ya cika. Kada a ɗauki jiran nan ɓata lokaci, domin abin da ke jikin allunan, na zamanin zinariya da na sarautar garin, shi ne abin da zagayen zai tsallake.

Daga nan sai sashen mata. Ƙaramar farfajiya ce mai zurfi, ɗakuna masu duhu sun kewaye ta, akwai matattarar ruwan sama a ƙarƙashin daɓen, da dunƙulen harsashin igwa a ƙasa, da barandar gwamna can sama. Jagora zai ba da labarin yadda ake fito da mata a tsayar, gwamna ya zaɓa daga baranda, a wanke wadda aka zaɓa a hau da ita ta wani tsanin katako da ke ɓullewa ɗakinsa, wadda ta ƙi kuma a ɗaure ƙafarta da dunƙulen ƙarfen a bar ta a rana. Tsarin labarin dalla-dalla na baka ne, an gaje shi daga jagora zuwa jagora, amma cin zarafin matan da ke tsare a sansanoni da jirage abu ne tabbatacce. A nan aikin jagorori ya fi kyau. Ba sa gaggawa, suna barin shiru ya yi aikinsa.

Ɗakunan maza suna ƙasa. Abin lura, wanda ba kullum ake faɗa ba, shi ne ba don mutane aka gina su ba. Rumbunan ajiyar yadi da tagulla ne aka mai da su kurkuku, shi ya sa iskar da ke shiga ta ɗan rami ɗaya ko biyu ba ta isar ko rabin waɗanda aka cusa. Jagorori kan ce maza 600 da mata 400 a lokaci ɗaya. Zaman jiran jirgi kan kai makonni, wani lokaci wata uku, kuma atuni da agana su ne manyan masu kisa. Har yau akwai wani wari mai nauyi a ɗakunan, na danshi da gishiri da rashin iska.

A gefen tsakar gida akwai ɗakunan horo biyu jere da juna, kuma kwatanta su ya fi dogon bayani. Na sojan Bature da ya yi maye ko ya yi faɗa yana da ƙofa mai tagar ƙarfe da hanyar iska. Na bawan da ya yi tawaye ƙofarsa rufe take ruf, an sassaƙa ƙoƙon kai da ƙasusuwa a samanta, wanda aka jefa ciki ba abinci ba ruwa sai gawarsa. Wasu jagorori kan shigar da ayari su rufe ƙofar na daƙiƙa kaɗan. Mai ciwon asma, ko mai firgita a matsatsin wuri, ya faɗa tun farko a bar shi waje.

Sai "ƙofar da ba a dawowa". Ana sunkuyawa ta wata gajeriyar hanya a faɗa ɗaki mai duhu, a ƙarshensa tsaga ce a bango wadda mutum ɗaya kaɗai ke wucewa a karkace. An matse ta haka don a ƙidaya mutane ɗaya bayan ɗaya, kuma kada wani ya kufce. Yau in ka leƙa yashi za ka gani da kwalekwalen masunta, domin ruwa ya ja baya. A kusurwar ɗakin akwai furanni da baƙi daga Amurka da tsibiran Karibiyan suke ajiyewa. Wasu kan fashe da kuka, wasu su yi waƙa ko addu'a. Ba wurin hoton dariya ba ne, kuma waya a kashe mata ƙara.

Ana ƙarewa a sama: cocin Holan da aka ɗora a kan sashen mata, da ayar Zabura ta 132 a saman ƙofarsa, sai ɗakunan gwamna masu faɗi da tagogi ta ko'ina, iskar teku tana kaɗawa. Akwai kuma ɗakin da Ingilishi suka tsare sarkin Tonawa, wato Asante, Prempeh na Ɗaya, a 1896 kafin su kai shi Saliyo, daga baya tsibiran Seshel.

Abin da ake tsallakewa

Shekara 155 na Fotugal, wato daga 1482 zuwa 1637, sukan samu minti uku ko huɗu a bakin jagora. Ga shi kuwa nan tushen yake. Abin da ya fito da Fotugal teku zinariyar da ke ƙetare Sahara a bayan raƙuma ce, suna so su zagaye 'yan kasuwar Musulmi su iske ta a tushe. Sun ci Sabta da ke gaɓar Maroko a 1415, Gil Eanes ya wuce tsirin Bojador a 1434, a 1444 aka raba kamammu 235 a garin Lagos na Fotugal. A 1469 sarkin Fotugal ya ba ɗan kasuwa Fernão Gomes kwangilar cinikin Gini, wato gaɓar Afirka ta Yamma, da sharaɗin ya riƙa gano sabuwar gaɓa kowace shekara, kuma a 1471 matuƙansa suka iso nan suka tarar ana sayar da zinariya a bakin ruwa. Sifen ta yi ƙoƙarin kutsawa, aka yi yaƙin teku kusa da Elmina a 1478, yarjejeniyar Alcáçovas ta 1479 ta bar wa Fotugal gaɓar. Sansanin kulle ne da aka sa wa wannan ribar.

Yadda aka gina shi ma abin ji ne. Diogo de Azambuja ya baro Lisbon a Disamba 1481 da ƙananan jirage 10 da manyan na dako 2, da mutum 600, cikinsu magina da kafintoci 100. Duwatsun ƙofofi da tagogi an sassaƙo su tun daga gida, da katako da farar ƙasa. Ya iso a Janairu 1482 ya nemi izini wajen sarkin wurin, Kwamena Ansa, wanda bai so ba, ya fi son baƙi su zo su yi ciniki su koma. Da ma'aikata suka fara fasa wani dutse da mutanen gari ke girmamawa sai faɗa ya tashi, sai da aka kashe wutar da kyaututtuka. Manyan jiragen biyu kuwa farfasa su aka yi a wurin, aka baza labari a Turai cewa irinsu ba sa iya dawowa daga Gini, don a tsorata masu sha'awa. Da aka gama, mutum 60 kacal aka bari su riƙe gidan. Kolumbas ma ya rubuta da hannunsa cewa ya zo nan kafin tafiyarsa ta 1492.

Ga wani abu da kan ba mutane mamaki: a wannan zamanin shigo da bayi ake yi Elmina, ba fitarwa ba. Fotugal kan sayo kamammu daga kogunan masarautar Benin da ke Najeriya ta yau, daga baya ta tsibirin Sawo Tome, ɗaruruwa a shekara, ta sayar wa fataken Akan, wato mutanen yankin, da zinariya, su kuma su ɗora musu kaya zuwa cikin ƙasa. Sauran hajar mundayen tagulla ne da tasoshi da yadin Arewacin Afirka, domin masu sayen sun riga sun saba da kayan da Wangarawa ke kawowa ta Jenne da Begho, ba su karɓar kowane tarkace. Ko ma'aunin zinariyar Akan akwai miskali a cikin asalinsa.

Juyin ya zo ne a ƙarni na 17, lokacin da gonakin rake na Burazil da Karibiyan suka buɗe baki suna neman hannu. Bindiga da albarushi suka cika gaɓar, manyan dauloli irin su Denkyira da Akwamu da Asante suka shiga yaƙe-yaƙe, kamammun yaƙi suka zama haja. Asante ta karya Denkyira a Feyiase a 1701. Wajen wannan lokacin ne darajar bayi ta wuce ta zinariya, har aka wayi gari zinariyar Burazil ake kawowa Gaɓar Zinariya, wato gaɓar Gana ta yau, a sayi mutane. Ba tare da wannan bayani ba, maziyarci zai fita yana zaton Turawa sun riƙa kutsawa daji suna kamo mutane da kansu. Ba haka aka yi ba. Zazzaɓin cizon sauro da shawara suna yi musu ɗauki ɗai-ɗai, ikonsu bai wuce inda igwarsu ke kai wa ba, masara da itace da kwalekwale duk a hannun mutanen gari suke. Har kuɗi Holan ke biyan sarkin Asante a kai a kai kan wannan gida, kuma da Ingila ta karɓa a 1872 ta ƙi amincewa da haƙƙin Asante a kan garin, abin ya zama cikin musabbabin yaƙin 1873 zuwa 1874. Sarkin Elmina, Kobina Gyan, ya ƙi yi wa Ingila mubaya'a, aka kai shi Saliyo. Wannan bai rage wa masu jirage da masu gonakin rake laifi ko ƙwayar zarra ba. Yana nuna dai cewa mulkin mallaka na sosai bai fara a nan ba sai bayan kusan shekara 400 na zaman haya da ciniki.

Jagorori da yawa sun san duk wannan, lokaci ne ba ya barin su. In aka ba da damar tambaya, uku sun isa su buɗe bakinsu: me ake ajiyewa a waɗannan ɗakuna kafin 1637, wa ke kawo kamammun kuma da me ake biyansa, me ya faru da garin da ke gaban ƙofa.

Alƙaluma kuma a riƙe su da hannu biyu. Akan ji ana cewa mutum 30,000 ne ke fita ta Elmina duk shekara. Lissafin masana daga takardun jiragen bai goyi bayan haka ba. Kimanin mutum miliyan 12.5 aka ɗora wa jirage daga Afirka gaba ɗaya, kimanin miliyan 10.7 suka sauka da rai, kuma rabon Gaɓar Zinariya duka wajen miliyan 1.2 ne, mafi yawa a ƙarni na 18. In aka raba, wajen 10,000 ke nan a shekara ga dukkan tashoshin gaɓar a ƙarnin da abin ya fi ƙamari, kuma Anomabu da Cape Coast sun fi Elmina fitarwa. Gaskiyar adadin ta isa ta sa mutum ya kasa cin abinci, ba ta bukatar ƙari.

Inda aikin ya gaza

Babbar matsala girman ayari ce. In motocin makaranta suka sauke ɗalibai, ko a watan Disamba, ko ƙarshen Yuli zuwa 1 ga Agusta lokacin bikin tunawa da 'yanta bayi, ayari kan kai mutum talatin ko fiye, a ɗakin da goma sha biyar ma sun cika shi. Na baya ba ya jin komai, muryar wani jagoran tana shigowa daga ɗakin kusa. Ayarin farko na ƙarfe 9 a tsakiyar mako shi ne mafita. Mutum biyar ko shida da suka zo tare suna iya tambaya a wurin tikiti ko za a ware musu jagora.

Da Ingilishi ake zagayen, allunan ma haka. Wanda ya zo da dattijo ko da wanda Faransanci ya iya ya tanadi tafinta, ya kuma sanar da jagora don ya riƙa dakatawa. Matakala suna da tsayi da santsi, wasu na katako ne, ƙofofi gajeru, keken guragu ba ya wuce tsakar gida. Takalmi mai riƙe ƙafa, ruwan sha, da fitilar waya don ɗakunan ƙasa.

Sai farar ƙasar da aka shafe ginin da ita. Tun gyaran shekarun 1990 wasu baƙaƙen Amurka suka yi ƙorafin ana ƙawata wurin azaba. Masu kula da gini suna da hujja, domin iskar gishiri tana cin bango, farar ƙasa ce garkuwarsa. Asarar da aka yi ita ce an rufe shaidar zamani: dutsen wurin mai duhu na Fotugal, da ƙananan tubala da jiragen Holan ke zuwa da su a gindi don daidaita nauyi. A bakin ƙofofi da bakan rufi da inda shafen ya ɓare ana iya ganinsu, in an san abin da ake nema.

Cape Coast da sawun Hausawa

Mai kwana ɗaya zai iya haɗa Elmina da sansanin Cape Coast: tudu ƙarfe 8, Elmina ƙarfe 9, abincin rana, Cape Coast ƙarfe 2. Suwidin ta fara gina na Cape Coast a 1653, Ingila ta karɓe a 1664. Kurkukunsa na maza, ɗaki biyar, don bayi aka gina shi musamman, kuma gidan tarihin da ke sama ya fi na Elmina tsari da bayani nesa ba kusa ba. A daɓen ɗakunan ana nuna inda ƙazantar da ta daskare ta kai kafin a haƙe ta. A ɗaki na ƙarshe, inda aka toshe hanyar ƙarƙashin ƙasa, akwai wurin tsafin Nana Tabir da mai kula da shi. Babu mai tilasta wa kowa komai, wanda ba ya so ya tsaya gefe cikin mutunci. Masallaci da abincin zango, shinkafa da wake da koko da ƙosai, suna wajen kasuwar Kotokuraba.

Bahaushen da ya zo neman sawun kakanni ya san cewa wannan ba ita ce babbar ƙofarsu ba. Hausawan da aka ƙetarar da su, musamman bayan jihadin 1804, ta Legas da Badagiri da Porto Novo da Wida aka fi fitar da su zuwa Bahiya ta Burazil, inda suka jagoranci tawaye a 1807 da 1809 da 1814. Alaƙar Elmina da arewa ta wata hanya ce. Bayan Asante ta rinjayi Gwanja da Dagomba a shekarun 1740, harajin bayi ya riƙa gangarowa kudu, kasuwar Salaga kuma, wadda fataken goro suka sani sarai, ta zama mahaɗa. Assin Manso, kimanin kilomita 40 daga Cape Coast a hanyar Kumasi, ita ce zangon da ake yi wa kamammu wankan ƙarshe kafin gaɓa. Tsakanin 1831 da 1872 Holan ta ɗebi mutum wajen 3,000 daga nan, da yawansu 'yan arewa da aka fanso a Kumasi, ta kai su aikin soja a Jawa ta Indunusiya, waɗanda suka dawo suka zauna a unguwar da har yau ake kira Tudun Jawa. A ranar da aka ƙone garin a 1873 kuma, cikin dakarun Ingila akwai 'yan sandan Hausa da aka kawo daga Legas. Wannan ma ba ya cikin zagayen.

Tudun Jawa da maƙabartar Holan ta 1806 da gidajen tutar ƙungiyoyin asafo, wato rundunonin gargajiya na gari, duk tafiyar ƙafa ce daga gada, awa ɗaya da rabi ta isa, kuma gara a nemi jagoran gari ta wurin tikiti da a bi wanda ya tare hanya. Ranar Talata masunta ba sa fita teku, saboda haka tafkin cike yake da kwalekwale amma kasuwar kifi ba ta ci sosai. Talatar farko ta Yuli bikin Bakatue ne, ba a samun masauki sai an kama tun da wuri. Mayu da Yuni ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, hanyar tudu tana santsi, a Janairu kuma hazon hunturu kan rufe hangen da aka hau tudun dominsa.